ZARE: Ina rumbun Fagge ya shiga? Tarihin yunwa da kuɗin ƙaramar hukuma 🧵

1/
Zaren yau na tarihi ne kuma dogo ne, sai ku gyara zama. Tambaya ɗaya nake bi: duk wata ana turo kuɗi daga Abuja da sunan ƙaramar hukumar Fagge. Nawa ne a ciki aka ware saboda gidan da aka wuni ba a ɗora tukunya ba? Kafin mu kai nan sai mun koma baya shekara ɗari da ɗoriya.

2/
Mu fara da wurin. Fagge ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 44 na Kano, mazaɓunta 10: Fagge A zuwa E, Kwachiri, Rijiyar Lemo, Yammata, da Sabon Gari ta Gabas da ta Yamma. A ƙidayar 2006 mutanenta sun kusa dubu 200. Kantin Kwari, kasuwar Singa da kasuwar Sabon Gari duk a cikinta suke.

3/
Ku riƙe wannan a ranku: Fagge ba ƙasar noma ba ce, ƙasar ciniki ce. Kusan duk lomar da ake ci a nan sai an saye ta. Manomi in abu ya yi tsanani zai leƙa rumbu ko ya shiga gona ya yagi rama. Ɗan dako a Singa ba shi da wannan. Ranar da bai ɗauki kaya ba, ranar gidansa sai haƙuri.

4/
Asalin Fagge zango ce a bayan ganuwa. Ayarin raƙuma daga arewa, Buzaye da fatake masu gishiri da kanwa, a nan suke sauka, su sayar, su auni hatsi su koma. Tun fil azal abinci na ratsawa ta Fagge. Ratsawa daban, tsayawa a tukunyar talaka daban.

5/
Kafin zuwan Turawa a 1903, me ake yi in damina ta ƙi? Akwai matakai. Na farko gandu da rumbun maigida, wanda ake so ya ƙetare shekara. Na biyu dangi da maƙwabta da ubangida. Na uku zakkar hatsi da ake tarawa ta hannun masu gari da hakimai, wadda a ƙa'ida rabon mabuƙata ce.

6/
Kar wani ya ɗauka aljanna ce. An yi yunwa, an yi bauta, an yi sarakunan da suka cinye zakka. Amma abu biyu ne a tsarin: taimakon hatsi ne, ba takarda ba, kuma yana kusa. Talaka ya san rumbun, ya san mai riƙe da shi, ya san ƙofar da zai je ya tsaya.

7/
Da Turawa suka zo sai suka narkar da zakka da kuɗin ƙasa cikin haraji guda, kuma a hankali suka ce da tsabar kuɗi za a biya. Kuɗin na shiga Baitulmalin En'e, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, wanda da farko rabi ne. Kun ga abin da ya faru? Rumbu ya koma akwatin ƙarfe. Akwatin ƙarfe kuwa ba ya buɗuwa sai da sa hannun Razdan.

8/
1911 layin dogo ya iso Kano. 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke, kamfanonin Turawa suka baza kantuna a bayan gari. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari saboda ma'aikatan jirgi, akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da ƙasashen gaɓar teku. Ga dubban bakuna sababbi da ba su da gona, kowa da kasuwa ya dogara.

9/
Sai daminar 1913 ta ƙi. 1914, shekarar da Lugard ya haɗe kudu da arewa, ita ce shekarar da ƙasar Kano ta ga yunwar da tsofaffi ke kira Gyallare, wasu su ce Kakalaba. Zamanin Sarki Abbas kenan. Mutane suka yi ta kwararowa daga arewa, har daga ƙasar da Faransa ke mulka. Dubun-dubatar rayuka suka salwanta.

10/
Abin da ya fi ci mini rai a wannan babin: ga jirgin ƙasa, ga Baitulmali da kuɗi a ciki, amma agajin da aka kawo kaɗan ne kuma ya zo a makare. Haraji kuwa ba a fasa nema ba. Dogon da ya iya kwashe gyaɗa zuwa Ikko bai iya kawo abinci a kan lokaci ba.

11/
Ba ita kaɗai ba ce. Kakanninmu da sunan yunwa suke lissafin shekaru. Mai Buhu, 1927. 'Yar Gusau, 1942. Muda, wajen 1954. Ni kaina na taso ina jin tsofaffi na cewa an haifi wane “shekarar Muda”, kamar yadda mu za mu ce shekarar korona. In kuna da tsoho a gida ku tambaye shi yau, kafin wannan ilimin ya tafi da su.

12/
Ta 1942 tana da darasi na musamman. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, Ingila na neman kuza ido rufe. Aka tilasta wa En'o'i su kawo 'yan ƙwadago zuwa ma'adinan Jos, su kuma tattaro hatsin ciyar da su da sojoji. Wato hukumar da ta fi kusa da talaka ita aka sa ta kwashe masa hatsi a shekarar ƙunci.

13/
Wani masani, Michael Watts, ya yi littafi sukutum kan wannan a 1983, sunansa Silent Violence. Hujjarsa a taƙaice: fari daga Allah ne, amma abin da ke mayar da fari ya zama mutuwa tsarin haraji ne da bashi da kasuwa, waɗanda suka rarake rumbun talaka tun kafin ruwa ya ɗauke.

14/
Kar ku ce En'en Kano talaka ce fa. Tana cikin mafi ƙarfin Baitulmali a ƙasar nan. Da kuɗinta aka gina asibitin birni, wanda yau muke kira asibitin Murtala. Da kuɗinta aka jawo ruwan Challawa da lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kuɗin yin aiki akwai. Abinci ne bai samu gurbi na dindindin a lissafin ba.

15/
Sabon Gari kuma labarinta daban. Tun daga dokar garuruwa ta 1917 tana ƙarƙashin jami'in Bature kai tsaye, sai 1940 aka mayar da ita hannun En'e. Baƙon da ya sauka daga jirgi ba shi da dagaci, ba shi da rumbun dangi. To wa zai kama shi in ya faɗi?

16/
Sai suka gina nasu. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, na Ibo da Yarbawa da sauransu, da coci-coci da masallatai, da adashi. Su ne ke sauke sabon zuwa, su ciyar da shi kafin ya samu aiki, su yi jinya, su kai gawa gida. A ɓangaren Fagge kuma fatoma da maigida da malamin zaure ke wannan aikin. Har gobe a kan wannan ginshiƙin unguwannin nan ke tsaye.

17/
Kuma a Sabon Garin nan aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Babban kukansu kenan: En'e na tatsar talaka haraji da jangali, talaka ba ya ganin komai. Rigimar “ina kuɗinmu?” ta girmi iyayenmu.

18/
Mu tsallako zuwa farin 1972 zuwa 1974, wanda ya ƙone Sahel gaba ɗaya. Dabbobi suka mutu, gyaɗa ta durƙushe, dalar gyaɗa ta fara zama labari. Mutanen karkara da na Nijar suka cika Kano. Yawancin iyayenmu sun ga wannan da idonsu.

19/
Amsar da aka bayar daga sama ta zo, da kuɗin fetur. Audu Bako ya gina madatsar Tiga da aikin noman rani na Kadawa. Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya kawo juyin noma a 1980. Tiga aiki ne na gaske, har yau muna cin shinkafa da tumatirin Kura. Amma duk maganar samar da abinci ce. Maganar wanda ba shi da kuɗin saye ba ta shigo ba.

20/
1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a duk ƙasa. En'e ta kau, aka kawo ciyaman da kansiloli, aka ce wannan mataki na uku ne na gwamnati kuma zai riƙa samun kaso daga tarayya. A 1979 Abubakar Rimi ya hau gwamna ya soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma sun cancanci murnar.

21/
Sai dai kowane magani da nasa ɗacin. Da, talaka na biya yana ƙorafi, ya san kuɗinsa ne. Yanzu kuɗin daga Abuja yake saukowa, sai ya zama kamar na gwamnati ne ba namu ba. Ciyaman ya daina kallon ƙasa, ya koma kallon sama. Wanda ke ba ka shi kake wa biyayya, wannan ba sabon abu ba ne.

22/
Ga inda gizo ke saƙar. Tsarin mulkin 1999, sashe na 162, ya ce kason ƙananan hukumomi ya biya ta asusun haɗaka na jiha. Ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Kuɗi ne masu kauri. Amma makullin akwatin na hannun gidan gwamnati.

23/
Daga asusun nan ake cire albashin malaman firamare, fansho, kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Gwamnonin kowace jam'iyya sun yi, a Kano da wajen Kano, don haka kar a kawo mini rigimar hula a ƙarƙashin zaren nan 😅 Abin da ke isa sakatariya sau da yawa bai wuce na albashi da ɗan abin gudanarwa ba.

24/
Alhali ku duba jadawali na huɗu na tsarin mulkin, inda aka lissafa aikin ƙaramar hukuma. Akwai kasuwanni, tashoshin mota, mayanka. Akwai sa ido kan gidajen abinci da gidajen burodi. Akwai gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Akwai hannu a ilimin firamare, lafiya da bunƙasa noma. Duk hanyar da abinci ke bi ya kai baki tana cikin jerin nan.

25/
Ga kuma abin da ya shafi Fagge kai tsaye: manyan kasuwanninta irin su Kantin Kwari da ta Sabon Gari, shugabannin gudanarwarsu gwamna ke naɗawa. Dukiyar da ke juyawa a can kullum Allah kaɗai ya san adadinta, amma ƙaramar hukumar da ke ɗauke da cunkoson da sharar da 'yan dakon ba ita ke riƙe da ragamar ba.

26/
To me ya cike gurbin rumbu? Shirye-shirye daga sama. Kwankwaso ya kawo ciyar da 'yan firamare tun zangonsa na farko. Zamanin Shekarau aka kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Gwamnatin Buhari ta fara ciyar da ɗalibai a 2016 kan naira 70 kowane yaro a rana. Aka dakatar da shirin a Janairun 2024. Ga ciyarwar azumi da jiha ke yi duk shekara.

27/
Ba na raina ko ɗaya. Na ga yaran da ƙwai ɗaya da ɗan abincin makaranta ke sa su zo aji. Na ga layin kunu da ƙosai gab da magariba, na san akwai gidan da da shi za a yi buɗa-baki. Amma ku lura da halinsu ɗaya: kowanne da mai shi. In mai shi ya sauka, ko kuɗi suka tsaya, ko wata ya ƙare, shikenan. Yunwa kuwa ba ta san Shawwal ba.

28/
Kun tuna kullen korona na Afrilun 2020? Aka rufe Kwari, Singa da Sabon Gari lokaci guda. Mutumin da sai ya fita yake samun na cefane aka ce ya zauna a gida. Ranar ce aka gane babu wani amintaccen jerin sunayen mabuƙata a matakin mazaɓa. Rabon tallafi ya koma wa ka sani, wa ya san ka.

29/
29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur. Tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗi. Zuwa Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun fito titi a Kano saboda tsadar fulawa, mutane sun koma cin afafata, shinkafar da da kifi ake zuba wa. Tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

30/
A Fabrairun nan dai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau da wasu kasuwanni bisa zargin ɓoye kaya. 'Yan kasuwa suka musanta. Ko wa ke da gaskiya, abu ɗaya ya fito fili: abincin yana nan a garin. Buhuna har rufi, ga mai jin yunwa a bakin ƙofa.

31/
Wannan shi ne abin da Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, ya nuna a 1981 da ya bibiyi yunwar Bengal ta 1943: mutane na iya mutuwa kasuwa cike da abinci, in abin da suke samu ya kasa sayensa. In kana son ganin misalin, tsaya bakin Singa da yamma ka kalli mai turin baro yana loda katan-katan na taliyar da ba zai iya kai ƙulli ɗaya gida ba.

32/
Wani zai ce ai ƙaramar hukuma ba za ta iya ba. Mu leƙa Brazil. Birnin Belo Horizonte, mai mutum sama da miliyan 2, a 1993 magajin garinsa Patrus Ananias ya buɗe ofishi guda na harkar abinci. Suka buɗe gidajen abinci masu rahusa ga kowa. Suka ba 'yan kasuwa rumfuna a filin hukuma da sharaɗin sayar da wasu kayan miya a ƙayyadadden farashi.

33/
Suka haɗa manoman kewaye da masu saye kai tsaye, suka inganta abincin makaranta, suka riƙa wallafa farashin kaya don kowa ya san inda ya fi sauƙi. Duk wannan bai kai kashi 2 cikin ɗari na kasafin birnin ba. Sirrin kawai shi ne yana cikin kasafi duk shekara, da ofishinsa da ma'aikatansa, ba sai wani ya ji tausayi ba.

34/
Ba sai mun je nesa ba ma. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san bankin cimaka: a sayi gero da kaka yana araha, a ajiye, a sayar da rahusa lokacin da rumbuna suka ƙare kafin sabon amfani. Wasu sun ɗore, wasu sun mutu saboda bashin da ba a biya ba da kwamitin da ya ci amana. Darasin biyu ne: tsarin na aiki, kuma sai da ido a kai.

35/
Yanzu ina muke? Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci: a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ɗora kantoman riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kano ta yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 26 ga Oktoba 2024. Aiwatar da biyan kai tsayen kuwa ya yi ta tafiyar hawainiya.

36/
Ra'ayina kenan, kuma kowa na da damar ya saɓa: ko gobe kuɗin suka faɗo asusun Fagge kai tsaye, ba abin da zai canza a tukunya in ba mu sa baki ba. En'e ta riƙe kuɗinta a Kano, aka yi Gyallare. Kusancin akwati ba ya ciyarwa. Sai an rubuta abinci a cikin kasafi, an kuma san wanda za a tuhuma in bai iso ba.

37/
Me nake so mu nema? Abu huɗu, ba masu tsada ba.
Ɗaya: layi na musamman a kasafin ƙaramar hukuma don abinci da tamowar yara, na wata 12.
Biyu: rajistar mabuƙata a kowace mazaɓa, da mai unguwa, limami, fasto da shugabar mata a teburin, a kafe ta inda kowa zai gani.

38/
Uku: a bi ta hannun masu yi tun da can. Kwamitocin masallatai, coci-cocin Sabon Gari, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, matan da ke dafa wa marayu. Sun san wace bazawara ce ke da 'ya'ya shida, sun san wanda kunya ba za ta bar shi ya shiga layi ba. A ba su kuɗi da sharaɗin lissafi a rubuce.
Huɗu: ajiyar hatsi da kaka, a fitar da rahusa lokacin tsada.

39/
Attajiranmu na ƙoƙari, Allah ya saka musu. Gidan Dantata da gidauniyar Dangote sun daɗe suna ciyarwa a Kano, ga wasu da yawa da ba sa son a ambace su. Amma sadaka kyauta ce, ba ka da bakin tambayar mai ita. Kuɗin ƙaramar hukuma haƙƙinka ne, kana da bakin tambaya har da ƙarin bayani.

40/
Kuma hanyar tambayar a buɗe take. Duk wata ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon tarayya, yana intanet, da datar naira ɗari za ka gani. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kansilanka ba a Abuja yake ba, a layinku yake sallah ko yake zuwa coci.

41/
Aikin gida: nemo sunan kansilan mazaɓarku. Nemo abin da ƙaramar hukumarku ta samu watan jiya. Ku je ku uku ko huɗu, cikin ladabi, ku tambaye shi nawa aka ware wa abinci a kasafin bana kuma ta hannun wa zai fita. Duk amsar da ya bayar ku kawo ta nan mu gani, ko da “ban sani ba” ce. Ita ma amsa ce.

42/
'Yan Fagge, 'yan Sabon Gari, 'yan Kwachiri da Rijiyar Lemo, ina jiran ku. Na sauran ƙananan hukumomi ma ku yi naku. Wanda kakarsa ta ba shi labarin Mai Buhu ko Muda ya rubuto mana yadda ta faɗa, mu tara. Ku tura zaren ya kai ga masu riƙe da makulli.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya rufa mana asiri.